Yadda Yis Ke Tsara Ƙera Amino Asid: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin waɗannan tambayoyi ɗaliban kimiyyar halittu ne a nan Damagaram suke yin su, musamman idan jarrabawa ta matso, wasu kuma sun fito ne daga bakin masu gasa burodi da masu tuyar masa, waɗanda suke aiki da yis kullum safiya ba tare da sun taɓa ganinsa a madubin ƙara girma ba. An bar sunayen anzim da gajerun alamominsu na kimiyya, irin su Aro3 da Gcn2, domin da su ne ake kiransu a ko'ina cikin duniya.

Mene ne yis, kuma me ya haɗa shi da amino asid?

Garin yis da ake saye a ƙulle a kasuwar Dole ko a kantunan Zango tarin halittu ne masu rai waɗanda aka busar, kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce daga dangin naman gwari, kuma sunanta na kimiyya Saccharomyces cerevisiae. Da ta samu ruwa da sukari da ɗan ɗumi sai ta farka ta soma girma, girman kuwa ba ya yiwuwa sai da furotin. Furotin sarƙa ce da ake haɗawa daga amino asid iri 20. Jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera 9 daga cikinsu, dole sai ya same su a abinci, amma yis yana ƙera duka ashirin ɗin da kansa idan ya samu sukari da gishirin amoniyam da sulfet da wasu ƴan sinadarai. A shekarar 1996 aka kammala karanta dukkan bayanan gadonsa, aka tarar da ƙwayoyin gado wajen 6,000 a kan kuromozom 16, shi ya sa aka san hanyoyin ƙirarsa dalla-dalla fiye da na yawancin halittu.

Anzim kuma fa?

Anzim, wanda waɗanda suka yi karatu da Ingilishi suke kira enzayim, furotin ne da ke gaggauta sauya wani sinadari zuwa wani, shi kuwa ya fito yadda ya shiga. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta "a cikin yis", kuma Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1870. A 1897 wani Bajamushen, Eduard Buchner, ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yis, wanda babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a cikinsa, yana iya sarrafa sukari. Yawancin amino asid ba a ƙera su a taki ɗaya. Kamar yadda fata take bi ta hannun mahauci da majemi kafin ta isa wurin baduku, haka kowane anzim yake karɓar abin da na gabansa ya gama, ya yi masa gyara guda, ya miƙa wa na gaba.

Daga ina yis yake samun naitirojin ɗin da ke cikin amino asid?

Ƙofofi biyu ne kusan duk naitirojin yake bi. Ta farko ita ce anzim ɗin Gdh1, da ɗan'uwansa Gdh3, waɗanda suke ɗora amoniyam a kan wani sinadari mai suna alfa-ketogulutaret, sai a samu amino asid ɗin gulutamet. Ta biyu ita ce Gln1, wanda yake ƙara wa gulutamet wani amoniyam ɗin ya zama gulutamin. Daga waɗannan biyun ake rarraba naitirojin zuwa sauran amino asid da sauran sinadaran ƙwayar. An ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin ɗari na naitirojin ɗin ƙwayar ta hannun gulutamet yake zuwa, ragowar kashi 15 kuma ta hannun gulutamin. Ɗalibin da ya riƙe wannan ba zai yi mamakin ganin yadda yis yake auna yawan gulutamin domin ya san ko yana cikin wadata ko yana cikin ƙunci ba.

Ta yaya yis yake sanin cewa ya ƙera abin da ya ishe shi?

Nan ne cibiyar maganar. Ƙera amino asid yana cin sukari da ƙarfi mai yawa, kuma ƙwayar da ta ci gaba da ƙera abin da ba ta bukata za ta ga maƙwabtanta sun wuce ta wajen yaɗuwa. Dabarar da ta fi sauri ita ce wadda za mu kira birkin ƙoshi: amino asid ɗin da aka gama ƙerawa yana komawa ga anzim na farkon hanyarsa, ya maƙale masa a wani gurbi dabam da gurbin da yake aiki, siffar anzim ɗin ta ɗan sauya, aikinsa ya ragu. Idan ƙwayar ta cinye amino asid ɗin wajen haɗa furotin, sai ya saki anzim ɗin, aiki ya ci gaba. Duk wannan yana faruwa nan take, ba tare da an ƙera sabon abu ko an rushe tsoho ba. Ba'amurke Edwin Umbarger ne ya bayyana wannan tsari a 1956, a cikin bakteriya, lokacin da ya ga aisolusin yana tsayar da anzim na farko a hanyar ƙera shi.

A cikin yis misalan amino asid da anzim ɗin da kowannensu yake taka wa birki suna da yawa. Histidin yana taka wa His1 birki, lusin yana taka wa Leu4, tireyonin yana taka wa Hom3, furolin yana taka wa Pro1, aisolusin kuma Ilv1. Na balin ya ɗan bambanta, domin anzim ɗin Ilv2 ba ya jin balin shi kaɗai sai da taimakon wani ƙaramin furotin, Ilv6, wanda yake manne da shi. Abin lura shi ne ana sanya birkin a farkon hanya ko a mararraba, ba a tsakiya ba, domin da a tsakiya yake da sinadaran da ba a gama ba sun taru sun zama asara, wasunsu ma su cutar da ƙwayar.

Idan hanya ɗaya ce take haifar da amino asid uku, wanne ne zai taka birki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kyau a cikin duk waɗanda ɗalibai suke yi, kuma amsarta tana cikin hanyar ƙera fenilalanin da tirozin da tiriftofan. Ukun suna tafiya tare har taki bakwai, zuwa wani sinadari mai suna korismet, sannan su rabu. Da anzim guda ne a takin farko, kuma da tirozin kaɗai yake saurare, to duk ranar da tirozin ya yi yawa a abincin yis da an rufe hanya baki ɗaya, sauran biyun su ƙare. Saboda haka yis yana da anzim biyu masu yin takin farkon: Aro3, wanda fenilalanin yake tsayarwa, da Aro4, wanda tirozin yake tsayarwa. Yawan ɗaya daga cikinsu yana rage kwararar ne kawai, ba ya datse ta.

A mararrabar korismet kuma akwai wani tsarin. Reshen da ya nufi tiriftofan yana farawa da anzim ɗin da Trp2 da Trp3 suke haɗuwa su zama, kuma tiriftofan yana taka masa birki. Reshen da ya nufi sauran biyun yana farawa da Aro7, wanda tirozin yake tsayarwa, tiriftofan kuwa yake ƙara masa kuzari. Ke nan idan tiriftofan ya wadata, yana rufe nasa reshen kuma yana buɗe na ƴan'uwansa, kamar mai lambu a Mirya da ya ga fangalinsa ya sha ya toshe bakinsa ya karkata ruwan zuwa na gaba. A ganina wannan mararraba ta ishi mutum ya gane dukkan batun, kuma ita ya kamata malami ya zana a allo kafin ya shiga jera sunaye.

An ce hatsi yana da ƙarancin lizin. Yis yana ƙera shi?

Yana ƙerawa, kuma ta hanyar da ta bambanta da ta tsirrai da yawancin bakteriya. Dangin naman gwari suna farawa daga alfa-ketogulutaret su bi ta wani sinadari mai suna alfa-aminoadifet. Takin farko yana hannun Lys20 da Lys21, lizin kuma yana taka wa dukansu birki. Akwai wani furotin, Lys14, da yake kunna ƙwayoyin gadon hanyar idan ya ji wani sinadarin tsakiyar hanya ya samu, don haka da lizin ya rufe takin farko, sinadarin nan ya ɓace, sai Lys14 ma ya yi shiru. Birki ɗaya ya rage aikin anzim, ya kuma rage ƙera su.

Gaskiya ne furotin ɗin hatsi da dawa da masara yana da ƙarancin lizin, na yis kuwa yana da shi sosai. Sai dai ɗan yis ɗin da ake zubawa a ƙullun masa bai kai ya cike giɓin ba, kuma cin yis da yawa yana da nasa matsalar, saboda yawan sinadaran gado da ke cikinsa yana ƙara yurik asid a jini. Wake da gyaɗa da nono da nama su ne suka saba cike wa masu cin tuwo da fura wannan giɓi.

Birkin ƙoshi yana aiki ne idan abu ya yi yawa. Idan ya yi ƙaranci fa?

A nan ne anzim ɗin Gcn2 yake shigowa, kuma yadda yake gane yunwa abin sha'awa ne. Kowane amino asid yana da ɗan dakonsa, wani ƙaramin sinadari mai suna tRNA, wanda yake ɗauko shi ya kai wa ribozom, wato injin haɗa furotin. Idan wani amino asid ya ƙare, ƴan dakonsa sai su riƙa yawo hannu wofi. Gcn2 yana kama irin waɗannan, kamawar ce take tayar da shi, sai ya liƙa fosfet a kan wani furotin mai suna eIF2, daidai a kan amino asid na 51 na sashensa na alfa, wanda serin ne. Aikin eIF2 shi ne kawo wa ribozom ɗan dakon farko da ake buɗe kowace sarƙa da shi, don haka da aka liƙa masa fosfet sai haɗa furotin ya ragu a ƙwayar gaba ɗaya.

Amma furotin guda, Gcn4, a lokacin ne yake ƙaruwa. Saƙon da ake karantawa a ƙera shi yana da ƙananan ƙofofi huɗu, wato wuraren da ribozom zai iya fara karatu, kafin a kai ga ƙofarsa ta gaskiya. Ribozom yana shiga ta farko, ya fito, ya ci gaba da tafiya a kan saƙon yana jiran a sake kawo masa ɗan dakon farko. A lokacin wadata ana kawo masa da wuri, sai ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan ƙofofin da suka rage, galibi ta huɗu, daga nan ya sauka bai kai ga Gcn4 ba. A lokacin yunwa ɗan dakon yana makara, ribozom ya wuce ƙananan ƙofofin bai shirya ba, sai ya shirya daidai lokacin da ya iso ƙofar gaskiya. Alan Hinnebusch da abokan aikinsa a Amurka su ne suka fi kowa warware wannan tsari, tun daga shekarun 1980. Shi Gcn4 ba anzim ba ne, mai kunna ƙwayoyin gado ne, kuma waɗanda yake kunnawa sun haura 500, ciki har da na kusan dukkan hanyoyin ƙera amino asid. Ba ya daɗewa: idan wadata ta dawo, wasu anzim kamar Pho85 suna yi masa alama, a rushe shi cikin ƴan mintuna.

Me ya sa za a kunna dukkan hanyoyi alhali amino asid ɗaya ne ya ƙare?

Domin Gcn2 ba ya tantance ɗan dakon wane ne ya zo hannu wofi. Wannan ba ɓarna ba ce kamar yadda ake zato, tunda hanyoyin da amino asid ɗinsu bai ƙare ba har yanzu birkin ƙoshi yana riƙe da su ko da an ƙara yawan anzim ɗinsu. Hanyar da take cikin bukata ce kaɗai take cin moriyar ƙarin.

Shin yis yana fifita wani abinci a kan wani?

Ƙwarai kuwa. Gulutamin da asfarajin da amoniyam su ne zaɓinsa na farko, furolin da yuriya kuma sai in babu waɗancan. Mai lura da wannan shi ne wani gungun furotin da ake kira TORC1, wanda anzim mai liƙa fosfet ne a tsakiyarsa. A 1991 aka gano ƙwayoyin gadon wannan anzim, wato TOR, a cikin yis, a ɗakin binciken Michael Hall da ke Bazel ta ƙasar Suwizalan, ta hanyar amfani da rafamaisin, maganin da aka samo daga bakteriyar ƙasar tsibirin Rapa Nui. Idan abinci mai kyau yana nan, TORC1 yana ingiza girma, kuma furotin ɗin Gln3, mai kunna ƙwayoyin gadon cin abinci mara kyau, yana zama a tsare a hannun furotin ɗin Ure2, a waje da cibiyar ƙwaya inda ƙwayoyin gado suke. Idan abincin ya ƙare sai a sake shi ya shiga cibiyar. A lokacin ne kuma ake ajiye wata babbar ƙofa, Gap1, a bangon ƙwayar, wadda take shigo da kowane irin amino asid daga waje, da wadata ta dawo kuma anzim ɗin Rsp5 ya yi mata alama a janye ta a rushe. Idan yunwar ta tsananta, ƙwayar tana narkar da wasu sassan jikinta ta sake amfani da amino asid ɗinsu, kuma binciken wannan a cikin yis ne ya ba Yoshinori Ohsumi na Japan kyautar Nobel a 2016.

Akwai anzim da ke tsayar da wani anzim kai tsaye?

Akwai, a batun amino asid ɗin arjinin. Car1 yana fasa arjinin ya fitar da ornitin da yuriya, Arg3 kuwa yana ɗaukar ornitin ya nufi ƙera arjinin da shi. Da za su yi aiki lokaci guda da sun yi ta saƙa da warwara suna ƙona ƙarfi a banza. Saboda haka idan arjinin da ornitin suna nan, Car1 yana manne wa Arg3 ya hana shi aiki, shi kuwa ya ci gaba da nasa.

Mu masu burodi da masa, wannan ya shafe mu?

Ya shafe ku ta wajen ƙamshi. Idan yis ya cire naitirojin daga wasu amino asid, ragowar yana sauya shi zuwa sinadarai masu ƙamshi ta hanyar da Felix Ehrlich ya bayyana a 1907. Daga fenilalanin ake samun wani mai ƙamshin furen wardi, kuma anzim ɗin Aro10 yana cikin masu wannan aiki. Daga lusin ake samun wani wanda idan Atf1 ya ƙara masa gyara yake ba da ƙamshin ayaba. Irin waɗannan suna cikin abin da hanci yake ji idan aka ɓare burodi mai zafi, kuma suna daga cikin dalilan da suka sa kwaɓin da aka bari ya tashi a hankali ya fi wanda aka gaggauta daɗi. Ƙamshin ɓawon da launinsa kuwa daga haɗuwar amino asid da sukari a cikin zafin tanda suke, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Tsamin ƙullun masa da na koko ba aikin yis ba ne a mafi yawa, aikin bakteriya ne masu fitar da asid irin na nono, waɗanda suke zaune tare da shi a cikin ƙullun.

Kwaɓinmu yana jinkiri da hunturu, yana kuma wuce lokaci da bazara. Birkin nan ne?

A'a, wannan tasirin zafi ne a kan dukkan anzim. Yis ya fi jin daɗi a wajen digiri 30, sanyin asubahin Janairu yana rage masa sauri, zafin Afrilu da Mayu da kan haura 40 yana gaggauta shi har ya gajiyar da shi, ruwan da ya kai wajen digiri 60 kuma yana kashe shi. Inda batun ya haɗu da amino asid shi ne furolin, wanda yake taimaka wa ƙwayar jure daskarewa da bushewa da yawan sukari. Hiroshi Takagi da abokan aikinsa a Japan sun samar da yis ɗin da Pro1 nasa ba ya jin birkin furolin sosai, saboda sauyin amino asid guda a jikin anzim ɗin, sai furolin ya taru a ƙwayar, yis ɗin ya fi jure kwaɓi mai sukari da kwaɓin da aka daskarar.

Ke nan ana iya cire birkin da gangan?

Wannan shi ne abin da masana'antu suke yi, domin bukatarsu ta saɓa da ta yis: shi yana son daidai ƙoshinsa, su suna son rara. Sanannun misalai biyu su ne Aro4 da aka sauya masa amino asid na 229 daga lizin zuwa lusin, da Aro7 da aka sauya masa na 141 daga gilisin zuwa serin, dukansu kuma sun daina jin tirozin. Da irin wannan yis ake ƙera sinadaran ƙamshi da tushen wasu magunguna, kuma a 2015 ƙungiyar Christina Smolke a Jami'ar Stanford ta nuna yis yana ƙera sinadaran dangin maganin kashe raɗaɗi daga sukari. Sai dai gulutamet ɗin da ke cikin sinadarin ɗanɗanon miya, da lizin ɗin da ake ƙarawa a abincin kaji, galibi ba yis ne yake ƙera su ba. Wata bakteriya ce, Corynebacterium glutamicum, wadda aka gano a Japan a tsakiyar shekarun 1950. Abin da yis yake bayarwa a wannan fanni shi ne ruwan jikinsa da aka narkar aka kafe, wanda yake da gulutamet na halitta.

Ɗalibi zai iya ganin wani abu daga cikin wannan a ƙaramin ɗakin gwaji?

Zai iya, in an samu kwanonin shuka ƙwayoyi da abin tsabtace su da tururi. Yis na asali yana tsirowa a kan abincin da ke ɗauke da sukari da amoniyam sulfet da bitamin da gishirai kawai, babu amino asid ko ɗaya. Wanda aka lalata masa ƙwayar gado guda, misali HIS3 ta hanyar ƙera histidin, ba zai tsiro a kwanon ba sai an zuba histidin. Ana kuma iya jawo wa yis na asali yunwar histidin ta hanyar zuba ɗan sinadarin 3-aminotirayazol, wanda yake tsayar da anzim ɗin His3. Yis mai lafiyayyen Gcn2 da Gcn4 yana ƙara yawan anzim ɗin har ya rinjayi sinadarin, sai a ga ya tsiro bayan kwana biyu ko uku a zafin digiri 30, wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu kuma gefensa na kwanon ya kasance fayau.